Zanen Ta-Fatakwal

Da hantsi ya ɗaga, rana ta kwanta a bakin ƙofar ɗakinsu, sai Inna ta jawo kujerar tsugunno ta zauna, ta shimfiɗa zanen a cinya, ta fito da allura da reza daga cikin gwangwanin madara. Wannan lokacin ne kaɗai idonta yake yi mata biyayya. Takan kawo zanen har kusa da hancinta, ta sa tsinin allura ta ɗago farin zare ɗaya daga cikin saƙar, ta yanke shi nan, ta matsa kaɗan ta yanke shi can, ta zare shi ta ajiye a gwiwa. Inda zaren ya fita sai 'yar kafa ta buɗe, iska na ratsawa. Kafa kusa da kafa, har su haɗu su zama ƙayar kifi, ko saƙar tabarma, ko sarƙa.

Murja tana gefe a kan tabarma tana gyaran takardun ɗalibanta na lise, wato sakandare, amma rabin hankalinta yana kan hannun uwar tata. Hannun ya fara rawa. Ciwon suga ya ci ƙafafun Inna, ya hau idanu, yanzu yana neman yatsu.

Sunan da aka raɗa wa Inna a garinsu Ibiene ne. 'Yar Kalabari ce daga Buguma, garin da ruwa ya kewaye, can kudancin Nijeriya. Alhaji Illiya, Bakano mai fataucin zannuwa, ya gan ta a Fatakwal, ya aure ta, ta musulunta ta zama Halimatu Sadiya, ya ɗauko ta har Zangon Wagadugu. Amma ban da mijin, ba wanda ya taɓa kiran ta da ɗaya daga cikin sunayen biyu. Ta-Fatakwal kowa yake cewa, yaro da babba.

Aikin nan na uwarta ne da kakarta. Matan Kalabari sukan sayi zane mai layi-layi wanda suke kira injiri, su bi shi da allura da reza su cire zaren da suke so, abin da ya rage ya zama nasu su kaɗai, ba irin na kasuwa ba. Pelete bite suke ce masa. Ranar da Alhaji ya fara kama amaryarsa tana yanka sabon zane, sai da ya dafa bango.

"Halima, a gidan nan zane ake sayarwa," ya ce. "Wanda ya ga zare ya zaro a cikin kayana, aibi zai ce. Kada a sake."

Ba ta sake ba. Ta rufe akwatin da uwarta ta ba ta, mai cike da tsofaffin zannuwan gidansu, ta tura ƙarƙashin gado. A nan yake har shekarar rusau, lokacin da gwamnati ta share Zango don gina sabon birni. Suna ta jigilar kayan shago a amalanke, Alhaji na cewa a fara da na sayarwa, katafila ta iso layinsu kafin su dawo. Murja tana 'yar ƙarama a lokacin, amma ba ta manta uwarta a durƙushe cikin ɓaraguzan bulo ba, tana tono da farce. Alhaji bai daɗe ba bayan rusau. Suka koma ɗaki biyu a gidan yayarsa, Gwaggo Indabo, a ɗan abin da ya saura na Zango, gefen unguwar Kamsaoghin.

Sai da likita ya ce idon ba zai dawo ba, sannan Inna ta aiki Murja kasuwa neman injiri.

Gwaggo Indabo ta fito daga madafa da kwanon kunu, ta tsaya a kansu ta riƙe ƙugu.

"Matar ƙanena, yau ma gara ta tashi da yunwa? Sabon zane fil, kin mai da shi rariya. Kawo in tace gasara da shi, aƙalla ya yi amfani."

"Yaya, ki bar ni da rariyata," Inna ta ce, ba ta ɗago ba. "Ke da ko maɓalli ba ki iya sawa."

"Ni 'yar mai zane ce, jikar mai zane. Mu gyara muka sani, ɓarna ba mu gada ba. Ungo, sha tun da zafi. Ban sa suga ba, kada 'yarki madam mai lakkol ta kai ni ƙara."

Ta dire kwanon, ta gyara wa Inna ɗankwalin da ya zame, ta juya. A bakin madafa ta yafito Murja, ta rage murya.

"Ki sa ido a kan uwarki. Haka Hajiyarmu ta fara kafin ta rasu, tana yayyaga tsumma tana ɓoyewa. Ciwon nan yana taɓa kai."

"Gwaggo, kanta lafiya lau. Sana'ar garinsu ce."

"To, Allah ya kyauta," Gwaggo ta ce, da irin muryar da ake lallashin yaro.

Murja ta ji haushi, amma ba ta tsaya bayani ba. Ta saba. Tun tana firamare take jin ana ce mata 'yar mai cin kifi, ta koyi ɗaga kai ta wuce. A ganinta, wanda bai tambaya ba bai cancanci a faɗa masa ba.

Ran da Inna ta zare zaren ƙarshe, ta ɗaga zanen sama rana ta ratsa shi, inuwarsa ta zubo ƙasa kamar ragar masunta. Ita ba ta ga inuwar ba. Da yatsa ta bi shi tun daga wannan baki har wancan, sannan ta kamo hannun Murja.

"Zauna ki ji. A garinmu, in mace ta mutu, ana gyara mata gado da zannuwan gidansu, a kwantar da ita a kai, mutane su shigo su ga daga inda ta fito. Babbar 'yarta kuma ta ɗaura irin wannan ta zauna karɓar gaisuwa. Ni akwatina yana ƙarƙashin benen wasu. Wannan kaɗai gare ni."

"Inna, bar wannan maganar."

"Ba zan bari ba. Ni Musulma ce, farin likkafani ya ishe ni, ban ce a sa min komai a kabari ba. Amma in an yi min wanka, ki shimfiɗa shi a gadona, a kwantar da ni a kai ko na ɗan lokaci ne kafin maza su ɗauka. In sun fita da ni, ki ɗaura. Na zauna a garin nan da sunan da ba nawa ba, na ci tuwo har na iya tuƙa shi. Ranar tafiya dai ina so in tafi daga kan abin uwata."

"Na ji."

"Ki ce kin ɗauka."

"Na ɗauka, Inna."

Gwaggo Indabo tana bakin rijiya tana ɗauraye tukunya. Hannunta ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Da zafin bazara ya shigo, ƙafar Inna ta kumbura ta yi baƙi. Aka kwantar da ita asibiti. Murja ta raba kanta tsakanin aji da bakin gado, Gwaggo kuma kullum tana tafe da kwano a kai, tana faɗa da masu gadin ƙofa da guntun Faransancinta. Da likitoci suka ce a kai ta gida a ci gaba da addu'a, kowa ya gane. Ta kwana biyu a ɗakinta, ba ta magana sai motsa baki. Ranar Talata da hantsi, Murja na ɗiga mata ruwa da cokali, ruwan ya dawo ta gefen baki.

Gida ya cika nan da nan. Hafizu, babban ɗan Gwaggo, ya shigo ya ce ya yi magana da liman, an tura masu haƙa, za a yi sallah da an idar da azahar. Mata suka ɗora ruwa. Murja ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta jawo jakar da Inna take ajiye zanen, ta zuge. Gwangwanin madara yana nan. Zanen babu.

Ta zazzage jakar, ta ɗaga katifar ƙasa, ta buɗe kabad. Sannan ta fita ta sami Gwaggo tana yanka likkafani, idanunta sun yi ja.

"Gwaggo, ina zanen Inna?"

"Af! Kin ga tashin hankali ya mantar da ni. Yana wurin Rasmane tela."

"Me yake yi a wurin tela?"

"Na ji lokacin da take ce miki a kansa take so a kwantar da ita. Na ce wallahi matar Illiya ba za ta kwanta a kan huji ba ina raye, mutane su shigo su ce mun bar ta cikin tsumma. Tun tana asibiti na kai masa, na ce ya gyara shi tsaf. Na so in nuna mata ta shafa ta ji, Allah bai nufa ba."

Ta faɗi haka tana share hawaye da gefen mayafi. Murja ta dube ta. Akwai maganganu cike da bakinta, amma rana tana hawa. Ta fita zaure inda maza suka fara taruwa, ta kira Hafizu gefe.

"Yaya, don Allah kada a fita da ita sai na dawo. Akwai wasiyyar da ta bari."

"Wace wasiyya? Bashi ne?"

"Zane ne."

"Zane," ya maimaita, ya dubi sama, ya dube ta. "Murja, kin ga zafin nan, kin kuma san halin da ƙafarta take ciki. Ki yi sauri dai."

Ta hau motonta mai ƙafa biyu, ko hular kwano ba ta ɗauka ba.

Rasmane tsohon maƙwabcinsu ne, Bamoshe ɗan asalin ƙasar, wanda ya yi wa Alhaji ɗinki shekara da shekaru. Rusau ya jefa shi unguwar Tanghin, hayin dam. Hanyar ta bi da Murja ta tsakiyar tsohuwar unguwarsu: dogayen benaye masu gilashi, a tsakaninsu filaye da aka kewaye da kwano, ciyawa ta bushe a ciki, awaki na kiwo. Ta daina gane inda ƙofar gidansu take tun tuni. Ta ƙara wuta, ta haura gadar dam, ƙasa masu lambu suna ta ɗibar ɗan ruwan da ya rage.

Ta same shi a rumfarsa yana taka keken ɗinki. Da ya ji rasuwar, ya cire hula, ya yi salati, ya yi ta'aziyya da Hausarsa mai karkata. Sannan ya buɗe akwati ya fito da ƙunshi a cikin leda, an goge, an ninke.

"Aiki ya ba ni wahala, madam, wallahi. Huji ya fi dubu. Na ce wane irin ɓera ne wannan mai ilimi, yana ci layi-layi? Amma don Alhaji, ban bar ko ɗaya ba."

Ta warware. Ya yi wa zanen shafi da farin yadi ta ciki. Ya bi kowace kafa da keke, gaba da baya, gaba da baya, da farin zare mai ƙarfi, har ta toshe. Ƙayar kifin, da saƙar tabarmar, da sarƙar, duk sun zama ƙulle-ƙulle masu tauri kamar tabon ƙuna. Ta ɗaga shi sama. Ko ɗigon rana bai ratso ba.

"Ya yi?" Rasmane ya tambaya yana murmushi, yana jira.

Ta dubi tsohon, da gilashinsa da aka ɗaure da zare, da yatsunsa masu kanta.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce. Ta ninke zanen ta cusa cikin riga.

A hanyar dawowa ta riga ta yanke shawara: ko a haka ne, za ta shimfiɗa shi. Zaren da ke ƙarƙashin ɗinkin ai hannun Inna ne ya taɓa shi. Amma kafin ta kai gada ta tarar an tsayar da kowa. Jerin manyan motocin kaya ne za su fita arewa da rakiyar sojoji, kuma ba mai motsi sai sun wuce. Babura suka taru kamar tururuwa, rana na dukan kai. Ta kutsa har gaba, ta roƙi sojan da ke tsaye da Faransanci, ta roƙe shi da Mosanci, ta ce uwarta ce ta rasu. Yaro ne ƙarami, leɓensa ya bushe. Ya ce ta yi haƙuri, ya ɗauke kai.

Ta kira Hafizu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Tana nan tsaye, ƙafa ɗaya a ƙasa, ta ji ladanin masallacin bakin dam ya kira azahar. Motoci na wucewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ba za su ƙare ba. Ta ji an tayar da sallah. Ta ji an sallame.

Da ta shiga layinsu, tabarmin zaure babu kowa sai takalman da ba a sa ba da butoci. A tsakar gida, ruwan wanka bai gama bushewa ba a bakin magudana. An fito da katifar Inna an jingine ta da bango tana shan rana. Ta leƙa ɗaki. Gadon ƙarfe ne tsirara.

"Sun jira, wallahi sun jira," Gwaggo ta ce daga bayanta. "Har liman ya fara magana. Ƙafar ce, Murja. Ba ta jiruwa."

Murja ta wuce ta gefenta. Ta ɗauki gwangwanin madara, ta fito tsakar gida inda mata suka zauna jere a inuwar bango da carbi a hannu, ta zauna a tsakiyarsu, ta baza zanen a cinya. Ta fara da shafin. Reza ta bi gefe, farin yadin ya rabu, ta yar da shi. Sannan ta sa allura a ƙullin farko.

Ɗinkin keke ba irin saƙa ba ne. Ya cije zaren zanen ya haɗiye shi. Ta ɗago, ta yanke, ta ja, sai zaren Rasmane ya fito tare da na Inna, kafar da take 'yar ƙarama ta wage ta haɗe da ta kusa da ita. Ta koma ta biyu, ta yi a hankali, ta riƙe numfashi. Ita ma haka. Hannunta bai san aikin ba. Shekarun da ya kamata ta koya, tana kan bencin lakkol tana karatun boko, uwarta kuma tana ƙarƙashin hani. Ta ci gaba duk da haka.

Raɗa ta fara zagayawa. Malama Hadiyya, mai koyar da matan unguwa karatu, ta gyara zama ta yi gyaran murya.

"'Yata, ki ji tsoron Allah. Yaga tufafi a kan mamaci haramun ne, aikin jahiliyya ne. Kina ƙara mata nauyi a kabari. Haƙuri ake yi."

"Malama, ba yagawa nake ba. Buɗewa nake."

"Ga shi muna gani yana yagewa."

"To ku daina kallo."

"La ilaha illallahu! Indabo, ba za ki yi mata magana ba? Wannan wace irin tarbiyya ce?"

Wata daga can gefe ta ce, ba da ƙarfi ba amma don a ji, "Jinin uwar ne. Ga kuma boko."

Murja ta ɗago ta dubi mai maganar har sai da ta sunkuyar da kai.

"Jinin uwar ne, gaskiyarki. Sunanta Ibiene. Kun ci abincinta, ta yi muku wankan jego, ta wanke muku gawa, ba wadda ta taɓa tambayar ta sunanta a cikinku. Abu biyu ta roƙa a garin nan. Ɗaya ya wuce ni. Ɗayan kuwa, wadda take jin za ta iya hana ni, ta taso."

Ba wadda ta taso. Gwaggo Indabo tana tsaye a bakin madafa, ta dubi farin shafin da ke yashe a ƙasa, ta dubi 'yan kafofin da suka tsira a gefe ɗaya inda keken bai cije sosai ba, jere reras, ƙayar kifi sak. Bakinta ya buɗe.

"Da gangan ne?" ta ce. "Murja, dama haka ake son sa?"

"Na faɗa miki, Gwaggo."

"Kin ce sana'a. Ba ki ce..." Ba ta ƙarasa ba. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Murja ta gan ta, amma ba ta da sauran wurin da za ta ajiye baƙin cikin wani. Ta mai da kai kan allura.

Har la'asar tana yi. Rezar ta yanke ta a babban yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Wani wurin ya buɗe da kyau, wani ya yage har tafin hannu yana iya shiga, wani kuma ya ƙi sam, ta bar shi da tabonsa. Da ta ji muryoyin maza a zaure sun dawo daga maƙabarta, ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta tsaya a gaban gadon ƙarfen na ɗan lokaci da zanen a hannu. Ba ta shimfiɗa ba, don babu wanda za a kwantar. Ta ɗaura shi a kan zanen jikinta, ta ja ta soke da ƙarfi.

Ta fito ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, inda duk mai shigowa sai ya gan ta. Zare na reto a gwiwarta. Hafizu ya shigo da ƙasar kabari a ƙafafunsa, ya gan ta, ya dubi zanen, ya juya.

Masu gaisuwa suka fara shigowa, 'yan Zango da waɗanda rusau ya watsa unguwanni masu nisa. Kowace ta durƙusa, idonta ya sauka kan zanen, ya yi sauri ya tashi.

"Ya haƙuri, Murja? Allah ya jiƙan Ta-Fatakwal."

"Ibiene," Murja ta ce. "Amin."

Ta bayanta ta matso. "Allah ya jiƙan Ta-Fatakwal, ya sa ta huta."

"Ibiene. Amin."

Layin yana da tsawo, ya kai har zaure. Ta gyara zama, ta miƙe bayanta, ta jira ta gaba.